Taken Baturen Rasha

Arzika makaɗin Nahuce ne ya nema wa tsohon Baturen Rasha ubangida, a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna.

Sunan Baturen Iliya. Yana da sunan uba, amma ya fi ƙarfin bakin mutanen Gusau, sai aka bar shi a Malam Iliya. Ba ɗan gwamnati ba ne, ba likita ba, ba ɗan kamfanin auduga ba. Makaɗi ne. Wani Kwara, Balaraben Bairut mai kantin yadi, ya zo da shi daga can don ya koya wa 'ya'yansa mata fiyano, baƙin akwatin nan mai fararen haƙora da baƙaƙe, wanda ƙartin tasha suka yi ta zagi kafin su sauke shi daga jirgin ƙasa. Aka ba shi ɗaki a bayan kanti, shi da akwatin. Dogo ne, siriri, gashinsa fari fat, hannuwansa manya kamar ya aro su.

Wata rana Arzika ya shigo Gusau zai saya wa matarsa Saude atamfa, kalangunsa a hammata. Yana cikin taya yadi sai ya ji wani abu ta bayan bango. Da farko kamar ruwan fari na sauka a kan kwano. Sannan ya koma kamar ana ɗura tulu can nesa. Sannan ya yi ƙasa, ya yi gurnani. Arzika ya ajiye atamfar, ya zagaya ta lungu, ya tsaya a bakin taga ba sallama, abin da bai taɓa yi a gidan kowa ba.

Da tsohon ya ƙare, ya ɗago kai. Kalangun ya duba, bai dubi fuskar mai shi ba.

"Kai mai kiɗa?"

"Tun kakana," in ji Arzika.

"Ni ma mai kiɗa. Kakana kifi yake kamawa. Shigo."

Daga ranar, duk shigowar Arzika Gusau sai ya biya. Ya zauna a tabarma, a ba shi baƙin shayi a kofin gilashi, su yi kiɗa, su yi shiru. Hausar Malam Iliya ta kanti ce, gutsi-gutsi, kuma haka labarinsa ya fito.

An haife shi a bakin wani gulbi da ake kira Bolga. Ya ce in sanyi ya kama, gulbin kan daskare ya zama dutse, har a bi ta kansa da doki. Arzika bai yarda ba, amma ba a ƙaryata babba a ɗakinsa. Ya ce ruwan sama a can fari ne, ba ya ƙara, a hankali yake saukowa ya kwanta a kan itatuwa. Wannan ma Arzika ya kasa ganinsa a zuci, sai ranar da tsohon ya ja shi zuwa bakin injin gurzar auduga, inda iska ke ɗibar kaɗa tana yawo da ita.

"Haka. Amma daga sama. Kuma da sanyi."

Tun daga nan, in aka ce Rasha, Arzika ƙasar auduga yake gani, gidaje da hanyoyi da kaburbura duk a lulluɓe, mutane na tafiya a ciki ba a jin sawunsu.

Wata tsohuwa matar likita ce ta fara zaunar da Iliya gaban fiyano, tana dukan yatsunsa da tsinken saƙa in ya kuskure. Da ya tasa aka kai shi Mosko, makarantar makaɗa.

"Makaranta?" in ji Arzika. "Can har karatun roƙo akan yi?"

"Ana yi. Da wuya."

Ya fito ya zama gwani. Ya yi kiɗa a manyan zauruka masu fitilun gilashi a rataye kamar nonon inabi, mutane cike har sama, kowa ya sa tufafin sallarsa. Ya ce in ya zauna zai fara, ko tari ba a yi.

"Ba guɗa?"

"Babu."

"Ba mai tashi ya liƙa maka ko kwabo a goshi?"

"Babu. In na gama, su tafa hannu."

"Tafi kawai. Ashe matsiyata ne."

Tsohon ya yi dariya har ta sarƙe shi.

Ya ƙagi kiɗa nasa na kansa, waɗansu suka riƙa bugawa a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Ya koyar da ɗalibai, waɗansu suka yi suna. Sai mutanen ƙasar suka tashi suka kifar da sarkinsu, suka juya kan junansu. Yunwa ta shigo da sanyi. Ya ce da idonsa ya ga an faskara fiyano an hura wuta. Ya gudu a jirgin ruwa zuwa Santambul, daga can Bairut, inda ya yi shekaru yana kiɗa a otal mutane na cin abinci. Gwamnatin da ta ba shi takardar tafiya ta mutu, don haka shi ba na kowace ƙasa ba ne. Wannan ya faɗe shi ba tare da neman a tausaya masa ba, kuma Arzika bai tausaya masa a fuska ba. Maza ba su yin haka.

Akwai kiɗa ɗaya da yake rufe zama da shi kullum, in la'asar ta yi sanyi. Sai ya matsa can gefen hagu na bencin, inda muryar akwatin take da kauri. Kiɗan yana farawa a hankali kamar shanu na komawa gida. Ya yi tafiya, ya yi tafiya, sai tsohon ya ɗauke hannu ya ɗora a gwiwa, ya karkata kai kamar mai sauraron kira daga bayan gari. Can sai ya ci gaba. Haka yake yi a wurare da dama. In kiɗan ya kama, Arzika kan ga kansa a tsaye a kan daskararren gulbin nan, ba takalmi, kuma sanyin bai dame shi ba. A ƙarƙashin ƙafarsa kifaye na wucewa a hankali. Kullum kamar akwai wani a ɗaya gaɓar, amma audugar da ke sauka ba ta bari a gan shi. Ya lura da wuraren tsayawar tun ranar farko. Bai tambaya ba. Makaɗi ba ya tambayar makaɗi sirrin hannunsa.

Ana haka 'ya'yan Kwaran suka girma, aka aurar da su. Kwaran ya ce ya gaji, zai rufe kanti ya koma ƙasarsu. Ba mugu ba ne. Ya bar wa tsohon fiyanon kyauta. Amma ɗakin an sayar da shi tare da kantin, kuma ba zai iya komawa Bairut da shi ba, don ba a shiga da mutum marar takarda wata ƙasa sau biyu. Abin da ya iya shiryawa shi ne a sa Malam Iliya a jirgi zuwa Ikko, wani gida da 'yan mishan ke ajiye tsofaffin Turawan da ba su da kowa. Gado ɗaya, akwatin kaya ɗaya. Ba wurin fiyano.

"In sun raba ni da shi," in ji tsohon, ya dafa murfin, "ba na kai damina."

Arzika ya san gaskiya ya faɗa.

Ya koma Nahuce ya tarar da Saude tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ya gaya mata.

"To ka kawo shi nan mana," in ji ta. "Tsoho guda, mi zai ci?"

"Akwatin hwa? Ƙofarmu ko jaki da kaya ba shi shiga. In ma ya shiga, gara ta gama da shi kafin shuka. Kuma Di'o, Baturen mulki, ba shi barin Bature ya zauna gidan makaɗi."

"Shi da akwatin ga tagwaye ne?"

"Sun fi tagwaye."

"To kai da ka iya sayar da kare a kasuwar kura, ka san abin yi."

Ya sani. Makaɗi in ya rasa inuwa, ubangida yake nema. Haka aka gada. Shi kansa Arzika ya yi iyayen gida da yawa, sarkin noma, sarkin fawa, wani dillalin shanu. Wanda ya mutu a cikinsu, ya yi masa addu'a, ya ɗauki takensa ya kai wa wani. Wanda ya kore shi ma haka. Bai taɓa jin kunyar wannan ba, don sana'a ce.

Ranar kasuwar Bunguɗu ya sami Alhaji Tukur zaune kusa da sikelinsa, ana auna masa gyaɗa. Alhaji Tukur mutumin Tsafe ne. Ubansa jakai yake kora, shi kuwa Allah ya buɗa masa, ya yi manyan motoci, ya gina gidan siminti mai rufin kwano, ya je Makka a jirgin sama. Abu ɗaya ya rasa. Makaɗan sarauta ba su buga wa ɗan mai jakai taushi, komai dukiyarsa, kuma abin na cin sa.

Arzika ya durƙusa ya gaishe shi.

"Alhaji, na samo maka makaɗin da ko sarki bai da irinsa."

"Kai dai Arzika. Bara ma haka ka ce, ka kawo mini mai gurmi ya cinye mini rago, ya kira ni da sunan ƙanena."

"Wanga Bature ne."

Alhaji ya tsaya da tauna goro.

Da kansa ya zo Gusau. Aka ba shi kujera a ɗakin bayan kanti, babbar rigarsa ta cika rabin ɗakin. Malam Iliya ya buga masa masu sauri, irin waɗanda yatsu ke gudu kamar ɓeraye a rumbu. Alhaji ya ce madalla, yana duban agogonsa. Sai tsohon ya matsa gefen hagu ya fara na rufe zama. Alhaji ya bar agogo. Ya bar fifita. Har aka ƙare bai motsa ba, kuma da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Na ga innata," in ji shi. "Tana tafiya rijiya a 'Yandoto da tulu. Bayanta kawai na gani." Ya share fuska da hannun riga, ya dawo Alhajinsa. "Wanga nike so. Shi kaɗai. Waɗancan na ɓeraye ya riƙe abinsa."

Ya ce zai ba da ɗaki mai daɓen siminti, da abinci, da riga duk sallah, kuma shi zai ji da Di'o. Sannan ya nuna Arzika da yatsa.

"Amma ni ba ni cin saura. Na san ku makaɗa, ku cire sunan wane ku sa na wane kamar sauya hula. Ina son taken da babu mai shi. Ranar da anka kawo shi Tsafe, gaban jama'a, kai za ka kira sunana a ciki, tunda akwatin bai da baki. Ga wurare nan ma ya bari cikin kiɗan, kamar ya san da zuwana."

Bayan ya fita, Arzika ya juya ga tsohon.

"Malam Iliya, kiɗan ga, ka taɓa yi wa wani sarki shi?"

"A'a."

"Attajiri hwa? Ko wani babban soja?"

"Ban taɓa ba."

"To an gama. Ka yarda a sa sunan Alhaji?"

Tsohon ya dubi hannuwansa. "Na yi kiɗa cokali na ƙara a kan faranti. Suna ba ya ciwo."

Aka sa rana bayan ɗaukewar ruwa. Alhaji ya aiko da mota da direbansa Ɗanlami. Aka ɗora fiyanon a baya, aka ɗaure shi da igiya, aka tokare da buhunan gyaɗa. Malam Iliya ya ƙi zama a gaba. Ya hau baya ya zauna kusa da abinsa, sanye da wata baƙar kwat da tsufa ya mayar koriya. Arzika ya hau tare da shi.

Suka bar Gusau da hantsi. Dawa ta yi kai ko'ina, ja da fara, tana sunkuyo kamar masu gaisuwa. Mata a gefen hanya suka sauke kaya suna kallon Bature a bayan motar gyaɗa. In motar ta faɗa rami, akwatin kan yi ƙara shi kaɗai daga ciki, doguwa, kamar mai magana cikin barci, sai tsohon ya shafa shi.

A gindin dutsen Kwatarkwashi injin ya yi zafi ya fara tururi. Ɗanlami ya tsaya a inuwar wata ɗorawa, ya la'anci motar da wanda ya ƙera ta, ya ɗauki garwa ya tafi neman ruwa. Wuri ya yi tsit. Can saman dutsen mikiya na shawagi ba ta kaɗa fiffike.

"Mu gwada kafin ya dawo," in ji Arzika. "Kada in je in yi tuntuɓe gaban mutane."

Tsohon ya buɗe murfin. Ya jawo bencin tsakanin buhuna, ya matsa can ƙarshen hagu, ko da yake wurin ya matse shi har kafaɗarsa na gugar katakon mota. Ya fara. Da ya kai wurin tsayawa, Arzika ya matse kalangu ya buga, ya ɗaga murya.

"Tukur na Tsafe, mai motar da ba ta kwana a hanya."

Sunan ya zauna daidai, kamar an auna. Amma tsohon ya runtse ido kamar wanda aka taka wa ƙafa a masallaci, kuma da ya mayar da hannu sai ya kuskure, abin da Arzika bai taɓa ji ba. Arzika ya sauke makaɗi. Ya dubi bencin. Rabinsa na dama babu kowa, ga shi mai shi na matse a gefe kamar baƙo.

"Malam Iliya, wurin ga da kake tsayawa, mi ke ciki?"

"Ba komai."

"Makaɗi ba shi barin rami a kiɗa don banza."

Tsohon ya dubi dutsen.

"Kiɗan hannu huɗu ne," in ji shi. "Biyu nawa. Biyu nata."

Sunanta Lidiya. Ɗalibarsa ce a Mosko, daga baya ya aure ta. Ya ce ta fi shi kunne, kuma ba ta jin tsoron gaya masa. Ya ƙagi kiɗan ne a shekarar aurensu, don su zauna a benci ɗaya, shi a hagu, ita a dama. Yana magana, tana amsawa. Ba su taɓa buga shi gaban kowa ba. Ranar da za su shiga jirgin ruwa aka ce mata uwarta ta faɗi ba lafiya. Ta sa shi a gaba har bakin jirgin, ta koma.

"Nata rabin ka san shi?" in ji Arzika.

"Ni na ƙage shi. Amma nata ne. Ina ji, ba na bugawa."

"Ta mutu?"

"Ban sani ba."

"Ka tambaya?"

"Na tambaya har masu amsawa suka mutu."

"Ta sallame ka? Ta ce ka tahi da kiɗanka, ba ta so?"

"Ta ce in tafi, tana zuwa a jirgi na gaba." Ya ɗan yi murmushi. "Jirgi na gaba bai tashi ba."

Arzika ya sauke kalangu daga hammata. A gidansu akwai ƙa'ida ɗaya da ubansa ya koya masa da bulala tun kafin ya iya ɗaure kalangu. Take na mai shi ne. In mai shi ya mutu, ko ya kore ka da bakinsa, take ya dawo hannunka, ka ba wanda ka so. Amma in yana raye bai sallame ka ba, ko ya talauce, ko ya yi nisan duniya, ba a ɗora sunan wani a kansa. Wanda ya yi haka ɓarawo ne, kuma a gidansu ba a taɓa yi ba. Ita ce kaɗai abin da makaɗi ke da shi wanda ba a saya.

"Na tambaye ka a Gusau," in ji Arzika.

"Ka ce sarki. Ka ce attajiri, ka ce soja. Ita 'yar mai gyaran agogo ce."

Haka ne. Bai taɓa zuwa wa Arzika a rai ba cewa namiji zai yi wa matar ɗakinsa take, ya kuma riƙe mata shi shekara talatin da wani abu.

Tsohon ya kama hannun rigarsa. Bai taɓa yin haka ba.

"Arzika, na tsufa. A Ikko babu fiyano. In babu shi, ita ma babu. In ta ji an sa sunan mai gyaɗa a wurinta, dariya za ta yi, na san ta. Ka kira sunan."

Ɗanlami ya dawo da garwa a kai yana cewa rijiyar garin ta fi lahira nisa. Aka shayar da mota, aka tashi.

Duk sauran hanyar Arzika shari'a yake yi da kansa. Yaƙi, yunwa, sanyin da ke daskarar da gulbi, ga shekaru. Kowane mai hankali zai ce matar nan ta mutu. In ta mutu, take ya dawo hannun mai bugawa, ba laifin kowa. Amma wa ya ga kabarinta? Ba a raba gadon wanda ba a ga gawarsa ba. Sai ya tuna ɗakin Ikko da gado ɗaya, da manyan hannuwan nan a kan gwiwa ba abin taɓawa. Sai ya ce a ransa zai kira. Baki ne, iska ce, wa zai sani a Tsafe? Sai motar ta faɗa rami, akwatin ya yi ƙara daga ciki, siririya, ta ɓangaren dama, wurin Lidiya.

Sun isa Tsafe bayan azahar. Gidan Alhaji na gindin duwatsu. An share ƙofar gida, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi. Dattawan unguwa sun zo, da 'yan kasuwa, da direbobi, har da waɗansu daga 'Yandoto. Mata na leƙe ta saman katanga. Aka sauke fiyanon aka ajiye shi a ƙarƙashin wani ƙaton gawo. Malam Iliya ya leƙa ɗakin da aka shirya masa, farin daɓe, taga mai duban dutse, ya tsaya a ƙofar ya daɗe. Arzika ya ga haka, ya kau da kai.

Bayan la'asar Alhaji ya fito ya zauna a kujera. Aka yi shiru don a ga abin da akwatin zai yi. Arzika ya tsaya a dama da fiyanon, kalangu a hammata, makaɗinsa na icce a hannu.

Tsohon ya fara. Hanya ta ɗan sassauta muryar akwatin, amma kiɗan ya tashi. Ya bi ta kan tabarmi, ya hau katanga, ya je ya dafa dutsen ya dawo. Wani dattijo da ke jan carbi ya tsaya a ƙwaya ɗaya. Arzika ya ga rana ta dusashe, ya ga auduga ta fara sauka a kan Tsafe, a kan rawuna, a kan gawon, a kan kafaɗar koriyar kwat. Ƙasa ta zama gulbi a ƙarƙashin ƙafarsa. Wurin tsayawa ya zo. Tsohon ya ɗauke hannu. Arzika ya ɗaga makaɗi, ya buɗe baki.

Sai ya ji wurin ba kango ba ne. Akwai kiɗa a ciki, siriri, mai sauri kaɗan, kamar mace na amsa wa mijinta daga cikin ɗaki tana dariya. A dama da tsohon, kusa da gwiwar Arzika, wata tsohuwa ce zaune da gyale a kai, yatsunta a kan fararen haƙoran. Bai ga fuskarta ba. Ya ja ƙafarsa baya don kada ya taɓa ta.

Wurin ya wuce. Tsohon ya ci gaba, bai ɗago ba. Na biyu ya zo, ya wuce. Mutane suka fara duban juna. A na uku Malam Iliya bai mayar da hannunsa ba. Ya juyo, ya ce a hankali, "Kira, Arzika."

"Makaɗi, lafiya?" in ji Alhaji, yana dariya don jama'a. "Ko kalangun ya sha ruwa a hanya?"

Aka yi 'yar dariya. Arzika ya sauke makaɗi.

"Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Na ce maka taken ga bai da mai shi. Yau a hanya na ji shina da."

"Wane ne?"

"Matarsa."

Wani direba ya tuntsire, aka harare shi. Alhaji ya gyara zama. Ya dubi tsohon, ya dubi akwatin. Ya so kiɗan nan da gaske, kowa ya ga haka a fuskarsa.

"Tana raye?"

"Allah ya sani."

"To in don mace ce, kuma tana wata duniya, ni na yafe. Ba saura ba ne. Kai Bature, ka yarda?"

"Na yarda," in ji Malam Iliya.

"Ka ji. Mai kiɗa ya yarda, mai gida ya yarda. Amma ban tara mutanen Tsafe don su ji ana yi wa matar wani kiɗa a ƙofar gidana ba. In ba a kira sunana ba, motar da ta kawo shi ita za ta mayar da shi. Kira mu ji."

Arzika ya dubi tsohon. Tsohon na dubansa, hannuwansa a kan gwiwa, ya matse a ƙarshen benci. Arzika ya zare igiyar kalangu daga kafaɗa, ya ajiye shi a ƙasa a gaban Alhaji.

"Ita ba ta yarda ba," in ji shi. "Ba ni kira."